Yaro Mai Jinkirin Fahimta: Abin da Ya Sami Lada a Kansa Shi Yake Maimaitawa

Moshi Zango unguwa ce a arewacin birnin Kumasi, kusa da Tafo da Krofrom. Ta samo sunanta daga mutanen Moshi waɗanda suka gangaro daga ƙasar da yau ake kira Burkina Faso, amma yanzu kabilu da yawa ne ke zaune a cikinta, Hausa kuma ita ce harshen ciniki da gaisuwa. Yawancin gidajen na haya ne. Kowane ɗaki da iyalinsa, tsakar gida kuwa ta kowa ce. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ba iyayensa kaɗai ke yi masa tarbiyya ba. Akwai kaka, akwai gwaggo, akwai matar ɗakin da ke kusa, akwai mai koko da ƙosai a ƙofar gida, akwai samarin da ke shan ataya a bakin hanya. Kowannensu yana koya wa yaron wani abu, ko ya sani ko bai sani ba.

Wannan ɗan littafi yana magana ne a kan yaron da fahimtarsa take da jinkiri: wanda ya makara wajen zama da tafiya da magana, wanda sai an nuna masa abu sau da yawa kafin ya riƙe. Abin da za mu faɗa a kan Moshi Zango haka yake a ƙauye, duk inda mutane da yawa ke zaune a gida ɗaya.

Ba ɗan ruwa ba ne

Mutane suna kiran irin wannan yaro da sunaye marasa daɗi. Wasu su ce dolo, wasu su ce ɗan ruwa ne, aljanu suka musanya shi. Asantawa ma suna da kalmarsu, nsuoba, ma'anarta ɗan ruwa ɗin dai. Yaron ɗan mutum ne, ɗanku ne. Jinkirin yana da dalilai da aka sani: doguwar naƙuda wadda ta sa jariri bai yi numfashi da wuri ba, shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, rashin sinadarin aidin a abincin uwa lokacin da take da ciki. Wasu kuma haka aka halicce su tun cikin ciki, kamar masu larurar Down, wadda wani likitan Ingila, John Langdon Down, ya bayyana kamanninta a 1866. Wani lokaci likita zai duba ya rasa dalili.

Babu allura ko rubutu ko saiwa da za ta mayar da ƙwaƙwalwarsa kamar ta sauran yara. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai yi haka, ku riƙe kuɗinku. Amma yaron yana koyo. Yana koyo a hankali, kuma abin da ya fi koyo da shi shi ne abin da manya suke yi masa nan take bayan ya aikata wani abu.

Hali ma yana da kasuwa

Mai talla ba ta komawa layin da ba a taɓa saya mata komai ba. Inda aka yi mata ciniki jiya, nan za ta fara gobe. Haka hali yake. Idan yaro ya yi wani abu ya sami abin da yake so, zai sake. Idan ya yi ta yi bai sami komai ba, sannu a hankali zai bari.

Mu ɗauki misali. Yaro ɗan shekara 7, bai iya magana sosai ba. Uwarsa tana tuya da safe, masu saye sun yi layi. Ya zauna shiru a gefe minti goma, ba wanda ya dube shi. Ya ja zanenta, ta ture hannunsa. Sai ya faɗi ƙasa yana ihu yana buga kai da siminti. Nan da nan ta bar kasko ta ɗauke shi, wata mai saye ta ce, "Haba Inna, ba shi ƙosai ɗaya mana ya yi shiru." Aka ba shi, ya yi shiru.

Ku duba abin da ya koya a safiyar nan. Zaman shiru bai kawo komai ba. Jan zane bai kawo komai ba. Buga kai ya kawo Inna da ƙosai. Ita ma uwar ta koyi wani abu: ƙosai yana kashe ihu. Gobe duka biyun za su sake abin da ya yi musu amfani. Ba mugunta ce ta sa yaron ba, ba kuma sakaci ne ya sa uwar ba. Wace uwa ce za ta ga ɗanta yana buga kai ta ci gaba da tuya?

A 1982 wani masani a Amurka mai suna Brian Iwata da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a wani asibitin yara a birnin Baltimore, a kan yara da matasa 9 masu jinkirin fahimta da ke ji wa kansu ciwo. Sun riƙa lura da kowane yaro a yanayi dabam-dabam: wani lokaci idan ya bugi kansa babba ya yi masa magana, wani lokaci a janye aikin da aka sa shi, wani lokaci a bar shi shi kaɗai ba abin wasa. A cikin 6 daga 9 ɗin, sai aka ga bugun kan yana yawaita ne a yanayi guda ayyananne, kuma yanayin wannan yaro ba lalle ne ya zama na wancan ba. Wato yara biyu za su iya yin abu iri ɗaya, amma ladan da kowa yake nema dabam.

Ladan kuwa ba ya wuce iri huɗu. Ko yaron yana neman a kula da shi, ko yana neman wani abu a hannu kamar abinci ko waya, ko yana neman a ƙyale shi daga abin da ba ya so kamar wanka ko makaranta, ko kuma abin da kansa yana yi masa daɗi a jiki, kamar girgiza jiki da kaɗa hannu. Na ƙarshen nan, in ba ya cutar da kowa, sau da yawa barinsa ya fi.

Kafin komai, a duba ciwo

Yaron da ba ya iya cewa "kunnena yana ciwo" zai iya dukan kunnen da hannu. Haƙori mai rami, cushewar ciki, tsutsar ciki, ƙaiƙayi, yunwa, rashin barci, duk suna iya fitowa a matsayin rigima. Wasu yaran suna da farfaɗiya, wani lokaci irin wadda yaro zai ƙura ido ɗan lokaci kawai ba tare da ya faɗi ba. Yara masu larurar Down sukan sami matsalar ji da gani, sai a ce ba sa jin magana, alhali da gaske ba sa ji ne. Idan halin yaro ya sauya farat ɗaya, asibiti ne wurin farko.

Faɗa ma lada ne

Wannan shi ne abin da iyaye suka fi wahalar yarda da shi. Uba zai ce, "Ni ban taɓa ba shi komai ba, kullum tsawa nake yi masa." To, amma yaron da ya yini ba wanda ya kira sunansa, idan ya zubar da ruwan bokiti mutum uku suka taso a kansa suna magana, ya sami abin da ya rasa tun safe. A wurinsa tsawa ta fi shiru.

Duka kuwa yana tsayar da abu na minti kaɗan, shi ya sa manya suke ganin yana aiki. Amma bulala ba ta nuna wa yaro abin da ake so ya yi. Tana koya masa tsoron mai bulalar, tana koya masa ya yi abin a bayan ido, tana kuma koya masa cewa babba yana dukan ƙarami. Ran da ya kai shekara 15, ƙarfinsa ya fi na uwarsa, wannan darasin zai dawo cikin gida. Ɗaure yaro da igiya ko sarƙa, ko kulle shi a ɗaki a tafi kasuwa, ko a gida ne ko a wurin addu'a ko wurin mai magani, cutarwa ce, kuma ba ta gyara hali.

Akwai wani lada da ya fi kowanne yawa a zango, wato dariya. Samari a wurin ataya za su kira yaron su koya masa ashar, in ya faɗa su kwashe da dariya su ba shi kwabo. Za su sa shi rawa, ko su ce ya je ya daki wane. Yana shekara 5 abin wasa ne. Yana shekara 14, ya zagi dattijo a gaban masallaci ko a ƙofar coci, waɗanda suka koya masa su ne za su fara cewa yaron nan ya haukace. Bai haukace ba, abin da aka biya shi ya yi ne yake yi. Wannan ba maganar da uwa za ta iya ita kaɗai ba ce. Uba ko kawu ko mai gida ne ya kamata ya je ya zauna da samarin ya ce, "'Ya'yana, ƙaninku ne. In kuna son ba shi kwabo, ku ba shi ranar da ya gaishe ku, ko ya kawo muku kofi da hannu biyu." Yawancin samari za su ji, gama ba ƙiyayya ce ta sa su ba.

Ga 'ya mace abin ya fi haɗari. Yarinyar da aka saba ba ta alewa don ta rungumi kowa, ko ta bi duk wanda ya kira ta, an buɗe ƙofa ga mai mugun nufi. A koya mata gaisuwa da baki ko da ɗaga hannu, a kuma yaba mata idan ta tsaya kusa da nata.

Labarin gwaggo

A 1959 wani malamin jami'a a Amurka, Carl Williams, ya rubuta labarin wani yaro ɗan wata 21. Shi wannan ba mai jinkirin fahimta ba ne, doguwar jinya ya yi, ya saba a zauna kusa da shi har ya yi barci, in an tashi sai ihu. Da ya warke, iyayen suka yanke shawarar su kwantar da shi cikin fara'a su fita. Karo na farko ya yi kuka minti 45. Kafin karo na 10 ya daina. Bayan kamar mako guda gwaggonsa ta kwantar da shi, ya ɗan yi kuka, ta koma ta zauna da shi. Ihun ya dawo sabo, sai da aka sake farawa daga tushe.

Ba cewa muke ku bar jariri yana kuka ba. Abin lura shi ne gwaggon. A gidan haya na Moshi Zango gwaggo ba ɗaya ba ce. Uwa za ta daure kwana huɗu ba ta ba da ƙosai a kan ihu ba, rana ta biyar kaka ta ce, "Ke dai ba ki da tausayi, kawo mini mijina," ta kwance bakin zane ta ba shi kuɗi. Yaron ya koyi sabon darasi, wanda ya fi na farko muni: in ka daɗe kana ihu, wani zai biya.

Ku dubi mai yankan loto. Ba kullum yake ci ba, watakila sau ɗaya ya taɓa ci, amma wannan sau ɗayan ne yake mayar da shi kiyos shekara da shekaru. Halin da ake biya jefi-jefi ya fi wanda ake biya kullum wuyar mutuwa. Saboda haka kafin a fara gyara, a tara mutanen gida a yi magana guda. Kaka kuma kada a yi mata gardama a gaban mutane. A same ta a ɗaki a ce, "Mma, ba hana ki ba shi muke yi ba. Ki ba shi, amma ki jira sai ya tashi ya miƙo hannu." Hannun kaka ya fi na kowa daraja a wurin jika, gara a samu ya zama na taimako.

Ku kuma sani, ranar da aka daina biyan ihu, ihun zai ƙaru kafin ya ragu. Kamar wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ba a buɗe ba, sai ya ƙara ƙarfi. Iyaye da yawa a nan suke sarewa su ce abin ya ƙara lalacewa. In yaron yana ji wa kansa ko wani ciwo, ba a kau da kai. A tare kansa da hannu ko matashi, a janye ƙanensa, a yi haka ba surutu ba huɗuba, har ya lafa. Bugun kai mai tsanani kuwa ba abin da za a yi ta gwaji a gida ba ne, a kawo shi a duba.

Ku ba shi wata hanyar roƙo

Kada ku toshe hanya ba ku buɗe wata ba. Yaron da ke buga kai don ƙosai yunwa yake ji da gaske, magana ce ba shi da ita. A 1985 wasu masana biyu, Edward Carr da Mark Durand, suka nuna cewa yaran da ke rigima a aji, da aka koya musu 'yar gajeriyar magana ta neman taimako ko neman malami ya dube su, rigimar ta ragu ƙwarai, muddin maganar ta dace da abin da yaron yake nema tun asali.

A gida, ga yadda za a yi. Kun san lokacin da rigimar ke tashi. Kafin lokacin, a riƙe ƙosan a gabansa, wani ya kama hannunsa ya miƙa tafin, a ce "ba ni", a ba shi nan take. A sake gobe, a sake jibi. Sannu a hankali a rage kama hannun har ya miƙa da kansa. Mai gudun wanka a koya masa alamar "dakata", a ba shi ɗan hutu, sannan a ci gaba. Sharaɗin guda ne: sabuwar hanya ta fi tsohuwa saurin biya. In ya miƙa hannu aka ce "ina zuwa", in ya buga kai aka zo a guje, ai kun riga kun gaya masa wadda zai zaɓa. A makonnin farko ku amsa kowane lokaci. Jira da "ba yanzu ba" daga baya ake koyar da su, kaɗan-kaɗan.

Wani zai ce wannan ai toshiya ce. A'a. Toshiya ita ce wadda ake bayarwa ana tsakiyar ihu don a yi shiru. Wannan tukwici ne, bayan an yi abin kirki yake zuwa.

Kunya da yabo

Mu a al'adarmu yabon ɗa a gaban mutane abin kunya ne, balle ɗan fari wanda uwa ba ta ko kiran sunansa. Wasu kuma suna tsoron kambun baka. Al'ada ce mai kyau a wurinta, gama yaro mai cikakkiyar fahimta yana gane jin daɗin uwarsa daga kallo kawai, ko daga naman da ya ƙaru a kwanonsa da dare. Mai jinkirin fahimta ba zai haɗa naman dare da sharar safe ba. Shi sai an nuna masa a fili, kuma a lokacin.

Ba sai an tara jama'a ba. Hannu a ka, murmushi, "madalla, ka sa takalmi", "Allah ya yi maka albarka, ka kawo buta". A faɗi abin da ya yi, don ya san me ake yabo. In uwa tana jin nauyi, kaka da yayye su ɗauki wannan aiki. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ku kama shi yana zaune lafiya. Minti goman nan da yaron mai tuya ya yi shiru, da uwar ta juyo sau biyu ta taɓa kafaɗarsa ta kira shi, watakila da ba a kai ga siminti ba.

Wajen koyar da aiki, a gutsuttsura shi. Sa wando ba abu ɗaya ba ne: a riƙe, a sa ƙafa ɗaya, a sa ɗaya, a tashi, a ja sama. Ku yi masa duka, ku bar masa na ƙarshe, jan sama, don ya zama shi ya gama aikin ya sha yabo. In ya iya wannan, ku bar masa biyu na ƙarshe. Haka wanke hannu, haka cin tuwo, haka zuwa bayan gida. Wani mataki zai ci mako, wani zai ci wata uku. Lada kuma ba lalle ne ya zama na ci ba, alewa kullum tana ɓata haƙori, masu larurar Down kuma suna saurin ƙiba. Wani yaron waƙa yake so, wani a goya shi, wani a bar shi ya riƙe wa Baba rediyo. In hali ya zauna, sai a rage lada a bar yabo, kuma aikin da kansa yakan zama lada: yaron da aka aike shi ya kai wa maƙwabciya kwano ya dawo ana sa masa albarka ya san yana da amfani a gida.

Inda za a nemi taimako

A Kumasi za a iya farawa da asibitin gwamnati na Tafo ko na Manhyia, su kuma su tura ku babban asibitin Komfo Anokye in akwai bukata. A Asokore Mampong akwai makarantar Garden City, ta gwamnati, wadda aka keɓe wa yara masu jinkirin fahimta. Dokar naƙasassu ta Ghana ta 2006, mai lamba 715, ta ɗora wa iyaye nauyin sa yaro mai naƙasa a makaranta, ta kuma hana makaranta ƙin karɓarsa saboda naƙasar kawai, sai in an gwada shi an tabbatar makaranta ta musamman yake bukata. Ofishin jin daɗin jama'a na majalisar gunduma shi ke rajistar masu naƙasa don kason da aka ware musu a asusun gundumomi. Ku je ku tambaya, ku kuma sabunta masa katin inshorar lafiya.

Kafin ku zo asibiti a kan maganar hali, ku zaɓi hali guda kawai, wanda ya fi damunku, ku lura da shi mako ɗaya. Ba sai kun iya rubutu ba. Ku ajiye gwangwani, duk lokacin da ya yi abin ku jefa ƙwayar wake ɗaya, da dare ku ƙirga. Ku riƙe amsar tambaya biyu: me ke faruwa dab da ya fara, kuma wa ya yi me bayan ya fara. Ku zo da katin awon yaron, da duk maganin da yake sha, na asibiti da na gargajiya. In zai yiwu, ku zo da kaka.